Gungumen Likitan Haki

"Ajiye akwatin nan, bawan Allah, kafin mu ɗauki gawarka."

"Ai ba... ba shi da... nauyi."

"Na gani. Shi ya sa fuskarka ta koma kalar tumatir."

Dorina ta sauke kwandon cukunta a kan matakala ta tsaya tana kallon baƙon. Dogo ne siriri, da tabarau da farin takalmi irin na mutanen bakin teku, ya rungume wani baƙin akwati kamar jariri. Ko rabin matakalar da ke hawa cikin ƙauyen Collefreddo bai ci ba, amma haki yake kamar wanda aka koro.

"Emidio," ya ce da ya samu kansa. "Daga Pescara. Jami'a ce ta turo ni in yi bincike a nan."

"Binciken me?"

"Numfashi."

Dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa bango. "Numfashi? Kai?"

Shi ma sai ya kama dariyar, yana yi yana tari. Da ya cire tabarau don ya share ido, Dorina ta ga ƙwayar idonsa, sai ta ji wani abu ya tsirga mata daga wuya har tafin ƙafa. Ta yi sauri ta sunkuya ta ɗora akwatin a kafaɗa, ta miƙa masa kwandon.

"Riƙe cuku, Likitan Haki. In ka yar min da shi, kai da Babana."

A hanya ya ba ta labarin aikinsa, kalma uku ya huta, kalma uku ya huta. Ya ce a wuyan kowane mutum, daidai inda babbar jijiyar jini ta rabu biyu, akwai wani ɗan ƙullutun nama da bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Karotid muke ce masa, amma ni mai gadi nake kiransa. Duk jinin da zai hau ƙwaƙwalwa sai ya ɗanɗana. Da ya ji iskar oksijin ta ragu, sai ya ƙwala ihu: a ja numfashi! Zuciya, ƙara gudu!"

"To naka mai gadin yau ya ga 'yan fashi."

"Rundunar yaƙi ya gani."

"Wa ke ce masa ya isa haka?"

Emidio ya tsaya cak, idonsa ya yi haske kamar an kunna fitila. "Kin san tambayar da ta kawo ni ke nan? Akwai wata iska da jijiyoyin jini ke yi da kansu, naitirik oksaid. Ita ke dafa kafaɗarsa ta ce, kwantar da hankalinka, gida lafiya. In ta yi ƙaranci, mai gadi ya dinga ihu ko babu ɓarawo, har ya gajiyar da zuciya."

Baban Dorina ne ya faɗo mata a rai, Panfilo mai tumaki, wanda ake jin faɗansa daga wancan dutse zuwa wannan. Da can in ya fara, Mamarta Adelina kan zo ta dafa kafaɗarsa kawai, ya sauko kamar an yayyafa wa madara ruwan sanyi. Tun da ta rasu babu mai saukar da shi sai Dorina, ita ma ba kullum ba.

Washegari ita ce ta fara zuwa tsohuwar makarantar da aka ba Emidio don aikinsa. Ya sa mata takunkumi ta shaƙi iskar da aka rage wa oksijin, allon na'ura yana zana hawa da saukar numfashinta. Daga nan ya ba ta wata 'yar kwalba ta ruwan bitrut, wata saiwa ja wur kamar jini, ya ce jiki na iya mayar da abin da ke ciki ya zama iskar nan mai lallashi, yana son ya ga ko mai gadinta zai canja hali.

Ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Ƙasa ce aka dama! Sai ka sha naka in gani."

Ya ɗaga kwalba ya shanye. Suka dubi juna, kowa baki ja zur, suka fashe da dariya.

"Nuna min inda yake," ta ce a hankali.

Ya ɗora 'yan yatsu biyu a gefen wuyanta, da ƙyar ma suka taɓa fata. "Nan ne."

"Me yake cewa?"

"Bugun ya yi sauri. Kin yi gudu ne?"

"A zaune nake tun ɗazu, Dokta."

Ba su san Gwaggo Filomena, yayar Babanta, tana shanya a barandar da ke kallon tagar ba. Kafin ƙararrawar coci ta buga ta tsakar rana, labari ya gama ƙauye: an ga hannun baƙo a wuyan 'yar Panfilo, sun kuma fito su biyu da jan baki iri ɗaya.

Da yamma Baba Panfilo ya daki teburin cin abinci har cokula suka yi tsalle.

"Jan baki! A garin da aka binne uwarki!"

"Ruwan bitrut ne, Baba."

"Ko ruwan me ne! Mutumin da ba ya iya hawa matakala sai mace ta ɗaukar masa kaya? Gobe ya ɗauke ki ya kai ki bakin teku, ki dinga soya kifi a bene na bakwai. Ga Berardo nan, yaron da ke saɓa ɗan maraƙi a wuya ya hau da shi dutse yana waƙa."

"To ya auri ɗan maraƙin mana."

Ya buɗe baki zai yi tsawa, sai maganar ta tsaya masa. Ya dafa kujera yana jan numfashi guntu-guntu. Dorina ta taso da sauri, ya ɗaga mata hannu.

"Hayaƙin murhu ne. Ki kiyaye ni da makarantar nan, na gaya miki."

Ta kiyaye makarantar, amma ba a hana ta waya ba. Tana cikin ɗakin cuku tana juya manyan dunƙulayen tana shafa musu mai, sai aljihunta ya yi ƙugi.

"Iskata, yau na hau matakala sau ɗaya kacal na tsaya. Wata tsohuwa ta tafa min."

"Gwaggo Filomena ce. Ba tafi take ba, ƙuda take kora."

"Mai gadina ya ƙi yin shiru tun da aka hana ki zuwa. Na duba littattafaina duka, babu wanda ya rubuta abin da ake yi."

"Ka sha ƙasarka da aka dama."

"Na sha. Ke yake nema."

Ta manna wayar a ƙirji ta yi juyi a tsakiyar ɗakin, har ta kusa ture shantali.

Haka rani ya yi ta tafiya. Mutanen ƙauye da suka fara da gulma suka koma layi a ƙofar makaranta, tsofaffi suna gasar wanda allon zai fi yabo, kowa na yawo da jan baki yana tsokanar ɗan'uwansa. Ranar kasuwa Emidio kan zo rumfar Dorina ya sayi cukun da ya fi ƙarfin cikinsa, su saci magana yayin da take naɗe masa. A nan ya gaya mata, da muryar da ta fi ta ranar matakala rawa, cewa bai taɓa jin ba ya son komawa gida kamar yanzu ba.

Sai kuma, ba zato, ya canja.

Saƙonninsa suka gajarce. In ta tambaye shi ina ya shiga jiya da safe, sai ya ce aiki. In ta kafe shi da ido a rumfa, sai ya kama gyaran tabarau. Sau biyu ta leƙa daga tudu da sassafe ta ga babu ƙaramar motarsa a dandalin da ke ƙasan matakala.

Berardo ne ya kawo mata sauran. Ya zo da itacen murhu, ya jibge, ya tsaya yana murza hularsa. Ba mugu ba ne, tun suna yara yake binta da ido kamar rago.

"Dorì, ba don in ɓata shi ba. Ina saukar da katako na gan shi ya nufi birni da asuba. Da mace a motar. Ta lulluɓe kai da mayafi, ta duƙar da kai don kada a gane ta."

"Ƙarya kake."

"Gwaggonki ma ta gani. Sau biyu."

Ta shiga ɗakin cuku ta rufe ƙofa, ta rubuta wa Emidio:

"Wace ce a motarka?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo. "Ba zan iya faɗa miki ba, Iskata. Na yi alkawari. Ki yarda da ni."

"Kada ka sake kirana da sunan nan."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya zo rumfa, ta sa Gwaggo ta sallame shi. Kuka take a ɓoye tsakanin dunƙulayen cuku, ta fito ta wanke fuska. Abin da ya ƙara mata haushi, Babanta da ya kamata ya yi murna sai ya zama shiru-shiru, ya daina hawa makiyaya ya bar wa mai taya shi kiwo, in ta ambaci sunan Emidio da zagi sai ya tashi ya bar wurin.

Ana saura kwana kaɗan bikin waliyyin ƙauye, Berardo ya sanar a shagon shayi cewa zai yi abin da kakanni ke yi. A Collefreddo saurayi ba ya tambayar aure da baki. Gungumen icce yake kaiwa ƙofar gidan yarinya kafin gari ya waye. In uba ya shigar da shi ciki, an ba shi. In ya tunkuɗa shi ya gangara, sai ya nemi wata ƙofar. An daɗe ba a yi ba, shi ya sa ranar bikin tun da duku-duku kowace taga a unguwar take a buɗe.

Dorina ta leƙo daga sama ta ga gungumen Berardo ya tare ƙofa, ƙato kamar ganga, an ɗaura masa jan ƙyalle. Shi kuma yana jingine da bango cikin farar riga. Ta san Babanta, ba zai tunkuɗa wannan ba.

Sai ta ji hayaniya daga ƙasa.

"Ku zo ku ga Dokta!"

"Wayyo, zai mutu a banza!"

Can ƙasan matakala, Emidio ne ke tahowa da gungume a kafaɗa. Bai kai rabin na Berardo ba, amma tanƙwara shi yake kamar kara. Tabarau ya zame masa zuwa kan hanci, riga ta jiƙe sharkaf. Ya hau 'yan matakai ya tsaya, ya sake hawa ya tsaya. Tsofaffin da ya gwada wa numfashi suka fito baranda suna masa kirari.

"Ja iska ta hanci, Dokta, kai ka koya mana!"

"A kawo masa jan ruwansa!"

"Mai gadinka na ihu, har nan muna ji!"

Dorina ba ta san lokacin da ta sauko ba. Ta buɗe ƙofa ta tsallake gungumen Berardo, ta tsaya da hannu a ƙugu. Emidio ya iso ya sauke nasa a gefen babban, ya durƙushe a kansa yana neman iska.

"Wa ya gaya maka ana karɓar icce daga mai mata biyu?" ta ce.

"Dorina... ni... ke kaɗai..."

"To faɗi a gaban kowa. Wace ce a motarka?"

Emidio ya ɗaga kai ya dube ta, ta ga idonsa ya cika da ƙwalla. Ya dubi ƙofar gidan, ya sunkuyar da kai.

"Ba zan iya ba."

"Ko da zan ce a gangarar da shi?"

"Ko da haka," ya ce da ƙyar. "Amma zan sake hawowa da shi gobe."

Hawaye suka zubo mata. Ta juya za ta shige, sai ta yi karo da Babanta a bakin ƙofa. Ya sa rigar coci da hula, kamar yadda al'ada ta ce, ya ɗaga murya ya yi tambayar da uba ke yi:

"Wa ya tare ƙofar 'yata da icce?"

"Ni ne, Kawu Panfilo!" in ji Berardo.

"Da ni," in ji Emidio daga ƙasa.

Amma babu mai sauraren su. Gwaggo Filomena ce ta fara gani, ta dafe ƙirji ta yi salati irin nasu, ta nuna ƙanenta da yatsa.

"Panfilo! Mene ne wannan a bakinka?"

Dorina ta duba. Leɓen Babanta ja zur, har gefen gashin baki.

Tsohon ya kai hannu ya shafa, ya dubi yatsunsa. Sai ya yi wata ajiyar zuciya, ya koma ciki, ya fito riƙe da baƙin mayafin marigayiya Adelina mai furanni a gefe. Ya yafa shi a kan hularsa, ya duƙar da kai.

"Filomena, ga matar da kika gani. Kalle ta da kyau."

Dariyar da ta tashi sai da tattabarun coci suka watse. Wata tsohuwa ta zauna daɓas a kan matakala tana riƙe ciki. Dorina kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Baba, me ya kai ku birni?"

Ya zauna a kan gungumen Berardo, ya jawo hannunta. Ya ce ranar da ya je makaranta don ya kori yaron nan daga garin, ko zagi na biyu bai kai ba numfashi ya ƙwace masa. Yaron ya zaunar da shi, ya dubi kumburin ƙafarsa, ya ce zuciya ce, lallai sai likitan zuciya ya gan shi.

"Na ce ba mai ganin Panfilo a motar ɗan bakin teku ana kai shi asibiti. Na sa ya rantse ba zai gaya miki ba. Sun ba ni ƙwayoyi, sun hana ni hawa makiyaya. Wannan jan abin kuma ba magani ba ne, gwajin yaron ne, likitan zuciyar ya yarda in shiga. A bayan cukunki nake ɓoye kwalaben."

"Me ya sa za ku ɓoye min?"

"Don na san ki. Da kin ji, za ki ce ba za ki auri kowa ba, ki zauna jinyata har ki tsufa. In kuma kika tafi..." Ya dubi Emidio. "Ya ce min mai gadin wuyana ya rasa mai lallashinsa, shi ya sa yake ihu dare da rana. Na ce masa, yaro, wannan ba sai da na'ura ba. Tun ranar da aka fitar da gawar Adelina na sani."

Dorina ta durƙusa ta dafa kafaɗarsa, daidai inda Mamarta ke dafawa. Ta ji yadda numfashinsa ke sauka a hankali a ƙarƙashin tafinta. Sannan ta juya ga Emidio, wanda har yanzu yake zaune a ƙasa kamar wanda aka yi wa duka.

"Kai kuma ka bari na tsane ka?"

"Kwana nawa ban ci abinci ba. Cukun da na saya duk yana nan."

"Wawa," ta ce tana kuka tana dariya. "Likitan Hakina."

"In sake kiranki da sunan?"

"Gwada mu gani."

"Iskata."

Mata suka ɗauki guɗa daga tagogi. Emidio ya miƙe da ƙyar ya fuskanci tsohon, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Baba Panfilo, ba zan kai ta bakin teku ba. Jami'a ta yarda a ci gaba da aikin a makarantar nan. Zan dinga sauka ina dawowa. In kun ba ni ita, a nan za ku gan mu kullum, har ku gaji da mu."

"Da wannan ƙirjin naka?"

"Yana koyo. Yau da icce na hau."

"Mun gani," wani tsoho ya ce daga baranda. "Mun kusa kiran fadan coci!"

Baba Panfilo ya tashi, ya cire mayafin ya ninke shi a hankali, ya ɗora a kafaɗar 'yarsa. Ya dafa Berardo.

"Ɗana, iccenka ya fi nasa nesa ba kusa ba. Allah ya kai shi ƙofar da za a yi murna da shi."

Berardo ya gyaɗa kai. Ya sunkuya ya mirgina gungumensa gefe da kansa don a samu hanya, har ya ɗan daki bayan Emidio, dukan da ya kusa mayar da shi ƙasa.

Tsohon ya sunkuya zai ɗauki ƙaramin gungumen. Dorina da Emidio suka yi tsalle a tare.

"An hana ku ɗaukar nauyi!"

Ya tsaya ya dube su, wannan ta riƙe masa hannun dama, wancan na hagu. Jan bakinsa ya buɗe da murmushin da Collefreddo ta daɗe ba ta gani ba. Ya juya ga tagogi, ya saki muryar nan tasa da ake ji daga dutse zuwa dutse.

"To ku ɗauka ku biyu, ku shigar min da shi har bakin murhu! Jama'a, ku shaida: na ba Likitan Haki 'yata Dorina. Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu ƙirjin uwarsu. Filomena, je ki gaya wa fada da duk wanda bai ji ba, a yi odar alewar biki, a yanka raguna. Kafin tumaki su sauko daga dutse za a ɗaura auren nan!"